Yadda Ake Ɗaukar Hoto a Waje Ranar Iska da Ƙura

Ɓarna iri uku iska ke yi wa mai hoto, kuma kowace da nata magani. Tana girgiza kyamarar kanta, tana kaɗa abin da ake son ɗauka, sannan tana kwaso ƙura ta cusa cikin kayan aiki. Yawancin hotunan da ke fitowa dishi-dishi a ranar iska, an ba wata ɓarnar maganin wata ne: mutum ya kafa kyamara a kan mai ƙafa uku ya ɗaure tamau, alhali ganye ne ke rawa ko mayafi ke tashi, abin da babu ƙarfen da zai tsayar. Biyun farko hoton ranar kaɗai suke lalatawa. Ta ukun kuwa tana iya cin lensi gaba ɗaya, saboda haka ita za a fi daɗewa a kanta.

Fara da sanin irin iskar da za ka shiga

A ƙasar Hausa iska biyu ce ke damun mai hoto. Akwai ta hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas tun daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris. Kaso mai yawa na farar ƙurar da take kawowa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda iska ke ratsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta share busasshen gindin tsohon tafki. Wannan ƙura ta fi gari laushi, shi ya sa take rataye a sama kwana da kwanaki ta zama hazo. Ta biyu ita ce iskar gaban ruwa, daga bazara zuwa farkon damina, wadda ke tasowa da hadari daga gabas. Ba ta daɗewa, amma cikin 'yan mintoci takan yaye kwanon rufi.

Iskar hunturu tana da lokacinta. Da asuba ƙasa takan yi shiru, sai rana ta ɗaga ta dumama ƙasa, iskar da ta kwana tana gudu a can sama ta sauko. Shi ya sa ta fi ƙarfi da hantsi, wajen ƙarfe 9 zuwa 11, ta riƙa lafawa bayan la'asar. Idan kai ke da ikon sa lokaci, sa aikin a sa'ar farko bayan fitowar rana ko kuma yamma lis. Wannan shawara ɗaya ta fi duk wani saiti da za a faɗa a ƙasa sauƙi.

Duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ko manhaja irin Windy kafin ka fita, amma kada ka tsaya ga matsakaicin gudun iska. Nemi lambar bugun da take kawowa farat ɗaya, domin shi ne ke kayar da kaya. Idan an rubuta da mita a daƙiƙa, ninka da 3.6 ka sami kilomita a awa. A fili kuma ido ya isa, bisa ma'aunin da Francis Beaufort ya tsara a 1805: idan ganye da ƙananan rassa ba sa daina motsi, iskar tana tsakanin kilomita 12 zuwa 19 a awa. Idan ƙura da takardu sun fara tashi, 20 zuwa 28 ke nan. Idan ƙananan bishiyoyi na rausaya, 29 zuwa 38. Idan manyan rassa na motsi, wayoyin lantarki na yin kukan fito, lema ta gagara riƙewa, an shiga 39 zuwa 49, kuma daga nan sai a naɗe duk wani abu mai faɗi. A tuna cewa turin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: gudu ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu. Abin da ya tsaya lafiya a kilomita 20 ba lallai ya tsaya a 30 ba.

Shirya kayan tun a ɗaki

Zaɓi lensi ɗaya da za ka wuni da shi, ka ɗaura shi a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Lensin zum da ke miƙewa yana komawa yana zuƙar iska ya fesar a duk juyi, ƙura na bin ta ciki. Lensi mai tsayi ɗaya, kamar 35mm ko 50mm, ko zum ɗin da jikinsa ba ya miƙewa, ya fi aminci. Idan aikin biki ne mai buƙatar kusa da nesa, kyamara biyu kowace da lensinta sun fi canje-canje a fili.

Ɗaura filtar UV ko farar filta a gaban lensi. Masu hoto suna da saɓani a kan amfaninta a ranar da gari yake garau, amma a cikin ƙura babu gardama: gara yashi ya karce gilashin da ake cirewa a sayi wani. Sai ka sami leda mai kauri, fara, ka huda gindinta daidai faɗin bakin lensi, ka zura kyamarar, ka ɗaure ledar da roba biyu a jikin hular lensi, wato zoben da ke yi wa bakinsa inuwa. Hannunka zai shiga ta buɗaɗɗen bakin ledar daga baya. Ka ɗame ta sosai, don ledar da ke faɗaɗa tana kama iska tana jijjiga kyamarar, ga ƙarar da take sa wa bidiyo.

A jaka kuma a sa abin hura iska na roba, burushi mai laushi, ƙyallen goge gilashi a cikin tasa ledar, batir da katin ajiya mai girma don kada a riƙa buɗe murafu a waje.

Saurin shota: maganin abin da ke motsi

Lissafin mai sauƙi ne. Gefen mayafin da ke tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa zai gusa santimita ɗaya idan shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, ta buɗe na 1/100 na daƙiƙa, amma milimita ɗaya kacal zai gusa a 1/1000. Don haka juya kyamara zuwa S (a Canon, Tv aka rubuta), ka zaɓi saurin da kanka. Iska mai sauƙi a kan mutum da ke tsaye, 1/250 ya wadatar. Babbar riga, rawani ko mayafi na kaɗawa, 1/500. Rassa masu bulala, tuta, dawakin hawan sallah a guje, 1/1000 ko sama. Fure ko ƙwaro da aka matsa kusa da shi ya fi kowa wahala, domin kusanci yana girmama motsin, sai a fara daga 1/1000.

Duk saurin da ka ƙara, haske ka rage, kuma dole ka biya shi ta wata hanya. A tsakar rana mai haske, f/16 (lambar faɗin ƙofar haske) da 1/100 da ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) suna ba da hoto daidai. Buɗe ƙofar haske zuwa f/11 ya ba ka 1/200, f/8 ya ba ka 1/400, f/5.6 ya ba ka 1/800. Hazo mai kauri yakan rage hasken da rabi ko ya bar kashi ɗaya cikin huɗu, sai ka ɗaga ISO zuwa 200 ko 400 ka riƙe saurinka. Kada ka ji tsoron ISO 800 ko 1600 da yamma. Ɗan yashi-yashin da yake sa wa hoto ana rage shi a kwamfuta, amma hoton da motsi ya shafe ya tafi ke nan.

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai aikin taro ita ce M, inda kai ke sa saiti da hannu, tare da barin ISO ya daidaita kansa: ka kafe 1/500 da f/5.6, ka sa wa ISO iyaka a 3200, ka mai da hankali kan mutane.

Sannan a koyi jira. Iska ba ta busawa bai-ɗaya, tana zuwa ne tana lafawa. Dubi ciyawa ko bishiyar da ke can ɓangaren da take fitowa, za ka ga bugun yana tafe kafin ya iso ka, za ka kuma ga lafawar. Gyara saiti tun tana busawa, yatsa a kan maɓalli, da ta lafa ka saki hotuna uku zuwa biyar a jere. Sau da yawa na tsakiya ne ke fitowa tar, saboda na farko ya sha motsin danna maɓalli.

Ga yadda za ka gane wace ɓarna ce ta same ka: ƙara girman hoton a allo ka dubi abin da ba ya motsi, kamar bango ko dutse. Idan bangon ya fito garau ganye ne ya shafe, ƙara saurin shota. Idan har bangon ya shafe, kyamararka ce ta motsa. Idan wani wuri na gaba ko na baya ya fito tar amma fuskar ba ta fito ba, fokos ne ya kauce, yawanci saboda reshe ko gefen mayafi ya gifta ya ja shi. Maganin wannan shi ne ka koma ɗigon fokos guda ɗaya ka ɗora shi a kan ido.

Tsayar da kyamarar

Da hannu, tsohuwar ƙa'ida ita ce kada saurin ya gaza tsawon lensi: 1/200 ga lensin 200mm. A iska ninka shi biyu ko uku. Ware ƙafafu, ka ba iska kafaɗa maimakon ƙirji, ka manne gwiwoyin hannu a haƙarƙari. Jingina da bango, mota ko gindin bishiya ta ɓangaren da iska ba ta bugawa. Durƙusawa ma na taimakawa, domin iska ta fi rauni kusa da ƙasa, sai dai a nan yashi ya fi gudu, sai a auna.

Da mai ƙafa uku kuwa, tsayi ne abokin gaba. Zaro sassan ƙafa masu kauri na sama tukuna, ka bar siraran na ƙasa a ciki muddin ba dole. Sandar tsakiya kada ta ɗaga ko kaɗan, ita ce mafi raunin duka. Buɗe ƙafafun sosai, ka sa ɗaya ta nufi inda iskar ta dosa don ta tokare, ka danna su cikin ƙasa har su zauna. Cire igiyar wuya ko ka naɗe ta, saboda tana dukan ƙarfen a kai a kai.

Batun rataya jaka a ƙugiyar tsakiya yana da sharaɗi da mutane ke mantawa. Jakar da ke lilo a iska ƙara girgiza take yi. Sassauta igiyarta har gindinta ya taɓa ƙasa, nauyinta na ja amma ba ta lilo. In babu jaka, buhun yashi na kilo 3 zuwa 5 ya yi. Sa mai ƙidayar daƙiƙa 2 don hannunka ya bar kyamarar kafin ta ɗauka, ka tsaya tsakaninta da iska, jikinka ya zama garkuwa, amma ka kula rigarka kada ta riƙa shafar ƙafafun. Ana yawan cewa a kashe na'urar hana girgiza idan kyamara na kan mai ƙafa uku. Wannan na ranar da babu iska ne. Idan ka leƙa ka ga hoton na rawa a allo, bar ta a kunne. Hular lensi mai tsawo takan kama iskar da ke zuwa ta gefe, don haka idan rana na bayanka kuma ba ka sa leda ba, cire ta. Kuma kada ka juya baya ka bar kyamara ita kaɗai a tsaye, ko na ɗauko murfi ne.

Ƙura, wadda ɓarnarta ke zama

Yashin da iska ke kwasowa daga ƙasa ya fi gilashi tauri. Shi ya sa goge lensi da gefen riga ko hankici a ranar ƙura daidai yake da gurza shi da takardar yashi ta kafinta. Tsarin da ba a sauyawa shi ne: a hura da abin roba lensi na kallon ƙasa, a share da burushi, a ƙarshe a ɗiga ruwan wankin lensi a kan ƙyalle, ba a kan gilashin ba, a goge a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Kada a hura da baki, yawu na mannar da ƙura. A cikin fili ma ba sai an goge ba, 'yar ƙurar da ke gaban lensi ba ta cika fitowa a hoto ba sai in ana fuskantar rana.

Idan canjin lensi ya zama dole, shiga mota ka rufe gilasai, ka ɗan jira ƙura ta kwanta. In babu mota, ba iska baya, ka kashe kyamarar, ka sassauta murfin bayan sabon lensin tun kafin ka cire tsohon, ka riƙe bakin kyamara yana kallon ƙasa, ka gama cikin 'yan daƙiƙu. Mai babbar riga ya yi canjin a ƙarƙashinta. Kyamarorin zamani marasa madubi sun fi shiga haɗari a nan, domin da an cire lensi, sensa, wato faifan da ke karɓar hoto a ciki, a fili take. Bushewar hunturu kuma tana sa ƙura ta manne wa roba da gilashi fiye da sauran lokuta.

Ƙurar sensa ba ta nuna kanta a f/2.8 ko f/4, sai an ƙuntata ƙofar haske. Don ka gwada, sa f/22, ka kawar da fokos, ka ɗauki sararin sama ko farin bango. Baƙaƙen ɗigon da suka tsaya a wuri ɗaya a kowane hoto a kan sensa suke. Kunna tsarin kakkaɓewa na kyamarar, sannan ka hura da abin roba bakinta na kallon ƙasa, ba tare da ka zura bakin abin hurar ciki ba. Gwangwanin iska mai matsi bai dace da wannan wuri ba, yana iya fesa ruwa mai sanyi ko ya lalata labulen shota. Ɗigon da ya ƙi fita sai da sandar goge sensa mai daidai faɗinta, kuma wanda bai taɓa yi ba gara ya kai wa mai gyara.

Da ka dawo gida, kafin ka buɗe ko da murfin kati, goge jikin kyamarar da ɗanyen ƙyalle da aka matse sosai, ka bi zoben zum da maɓallai da burushi. Idan ka ji ƙaras-ƙaras wajen juya zobe, daina juyawa. Zazzage jakar a waje, ka zaro ƙafafun mai ƙafa uku duka ka goge su kafin ka mayar, in ba haka ba yashi zai cinye makullansu.

Hasken hazo

Hazo yana yaudarar ma'aunin hasken kyamara. Ta ga farin sama ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, fuskoki su yi duhu. Ƙara +0.7 zuwa +1 a saitin gyara haske (+/-), ka duba kada fararen kaya su ƙone. Ɗauki hoton a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, domin launi yakan karkata zuwa toka ko ruwan ƙasa, kuma a RAW ne ake gyara shi ba tare da asara ba. Filtar da ke zurfafa shuɗin sama ba ta da wani tasiri a kan hazon ƙura, haske kawai za ta ci maka.

Duk nisan da ke tsakaninka da abu, ƙura ce a tsakani. Wanda ya hau Dala ko Goron Dutse da dogon lensi ranar hazo don ya ɗauki birnin Kano, fari fat zai sauko da shi. Matsa kusa, ka sa wani abu mai duhu ko mai launi a gaba, ka bar nesa ta dushe a hankali. A gefe guda, hazo ya fi kowace lemar fitila tausasa haske a fuska, ba ya barin baƙar inuwa ƙarƙashin ido ko da tsakar rana. Ƙurar da dawaki suka tayar kuma ta fi kyau idan rana na bayansu ko a gefensu.

Mutane, fitila da lema

Tsayar da mutum iska na zuwa masa ta gaba a karkace, don tufafi su tafi baya. Idan ta fito ta bayansa, mayafi zai rufe fuska. Idan ya fuskance ta kai tsaye, ido zai yi ruwa ya ƙanƙance. Ka ce ya rufe ido, ka ƙirga uku ya buɗe, ka ɗauka nan take. A hoton mata a tanadi fil na kama mayafi, a sami wata ta tsaya kusa tana gyarawa, kuma duk hoton da iska ta yaye lulluɓi ko ta manna tufa a jiki a goge shi a wurin, kada ya kai kwamfuta. A hoton jama'a ɗauki da yawa, saboda da wuya kayan kowa su kwanta lokaci guda.

Lemar fitila mai faɗin mita ɗaya a iskar kilomita 30 tana shan turin da ya kai kimanin kilo 4, kuma a saman sanda mai tsayin mita 2. Buhun yashi na kilo 5 a gindi ba zai riƙe wannan ba. Ko dai mutum ya riƙe sandar da hannu, ko a cire lemar a yi da fitilar tsirara, ko a sa ƙaramin akwatin haske a sauko da shi ƙasa. Faifan mayar da haske ma a hannun mutum yake zama. Filashin da ke kan kyamara yana haska ƙurar da ke dab da lensi, sai hoto ya cika da fararen ƙwallaye. Raba shi da kyamarar ka kai shi gefe kamar mita ɗaya, ko ka kashe shi.

Waya, bidiyo da jirgi

Wayoyi da yawa na Tecno, Infinix da Samsung suna da yanayin Pro, inda za ka zaɓi saurin shota kamar yadda aka bayyana. Guji yanayin dare, domin yana haɗa hotuna da dama na tsawon daƙiƙu, duk abin da ke kaɗawa zai shafe. Yanayin da ke dusar da bayan mutum shi ma yana rikicewa a gefen mayafi mai tashi. Riƙe da hannu biyu, ka danna da maɓallin ƙara murya, ka bar doguwar sandar salfi a gida.

A bidiyo, sauti ne ke fara mutuwa. Soson makirfo bai isa ba, sai an sa masa rigar gashi. Kunna matatar da ke yanke gurnanin sauti na ƙasa da 80 ko 100Hz, ka maƙala makirfon a ƙirji, mai magana ya ba iska baya ko gefe. Ƙaramin jirgi maras matuƙi irin DJI Mini 3 iyakar iskar da yake jurewa mita 10.7 a daƙiƙa ce, wajen kilomita 38 a awa, kuma iskar sama ta fi ta ƙasa ƙarfi. Tashe shi daga kan tabarma don kada ya zuƙi yashi, ka fara tafiya da shi yana fuskantar iska, ta yadda za ta turo shi gida lokacin da batir ya yi ƙasa.

Wani lokaci kuma motsin ake so a gani. Kafa kyamara da kyau, ka sauko da sauri zuwa 1/15 ko 1/4, gonar gero ko gamba za ta zama kamar ana shafa ta, rumbu ko kuka na tsaye garau a tsakiya. Da rana sai da baƙar filtar ND mai rage haske mataki 6, wadda ke mai da 1/250 ya koma 1/4.

Hadarin da ya haɗo daga gabas yana ba da hoto mai ban sha'awa, amma daga kusa da mafaka ake ɗaukarsa. Ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa: kowace 3 kilomita ɗaya ce. Idan ƙirgen ya gaza 30, naɗe mai ƙafa uku ka sauka daga tudu ko rufin bene, ka shiga gini ko mota. Kada ka fake ƙarƙashin bishiya, allon talla ko rumfar kwano, kuma ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin ka sake fitowa.